Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazarin Ruwan Bakolori Daga Fitarsa Gulbi Zuwa Komowarsa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato a tsakiyar rani, da ya doshi Talata Mafara zai ga ƙasa ta sake kama. Daji ya bushe ƙayau, awaki na kalen kara a gonakin tudu, amma ga shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Ruwan Gulbin Sakkwato ne. An tare shi da damina a madatsar Bakolori, aka karkatar da shi ta kanal zuwa gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Inda ruwan ke barin gulbi sananne ne: akwai ƙofa, akwai ma'aikaci, akwai ranar buɗewa da ranar rufewa. Inda yake komowa ne ba a cika waiwaya ba. Shinkafa ba ta shanye duk abin da aka ba ta. Rana ta ɗauki rabonta, ƙasa ta tsotsi nata, ragowar ya bi magudanai ya sake faɗawa cikin gulbi ko cikin ƙoramun da ke zuba masa. A kan wannan ragowar nake so mu tsaya, mu ga abin da ya ɗauko a tafiyarsa, da abin da yake yi wa kifi da sauran halittun ruwa, da yadda mutanen wurin za su riƙa sanin haka tun kafin kifi ya taso ciki sama.

Asalin aikin

Gulbin ya taso daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, sannan ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. A ƙasar Zamfara gulbin damina ne. Kafin a tare shi, yakan cika ya malale fadama a tsakiyar damina, in rani ya yi nisa ya koma yashi da guraben ruwa nan da can. Noma da su da kiwo duk a kan wannan cika da janyewa aka ɗora su.

Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar, aka kammala ta a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin na iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma shafe ƙasa kimanin hekta 8,000. An tsara shayar da hekta 23,000: 15,000 ta hanyar feshi da bututu, 8,000 kuma ruwa ya gangara da kansa. Ɓangaren feshin bai yi ƙarko ba, don abu ne mai son wuta da injuna da gyara kullum. Dubban iyalai sun rasa gidaje da gonaki, kuma rikicin diyya ya kai ga abin da ya faru a Birnin Tudu a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, rayuka masu yawa suka salwanta. Ba shi ne batunmu ba, amma ba ya yiwuwa a ambaci Bakolori a tsallake shi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuwa, nasu rashin shiru ya zo. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan fadamar a farkon shekarun 1980, ya buga sakamakon bincikensa a 1985. Ya tarar cikowa ta ragu ta wajen zurfi da faɗi da yawan kwanakin da ruwa ke kwanciya. Daga cikin fadama hekta 19,000, an rasa noman shinkafa a kimanin 7,000, noman rani a kimanin 5,000. Manoma suka koma gero da dawa a inda dā shinkafa ke yi, kamun kifi ya ja baya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano wannan. Babban abin dogaro bakin manoma ne da masunta: dā ina ruwa ke kaiwa, yanzu ina yake tsayawa. Dokar da ta wajabta auna tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi sai a 1992 Najeriya ta yi ta, shekara 14 bayan an rufe gulbin. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1978, ya san gulbin da idonsa kafin dam, yau ya doshi 70.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin shirin gyara manyan ayyukan ban ruwa na arewa, wanda aka sani da TRIMING, Bakolori na ciki. Aka gyara kanal da magudanai, aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Alheri ne ga manomi. Sai dai ƙarin gona mai shan ruwa ƙarin taki ne da ƙarin feshi, kuma magudana gyararriya ta fi toshasshiya saurin kai kayanta gulbi.

Abin da ruwa ke ɗaukowa

Tun a ƙofar dam ruwa ya fara sauyawa. Laka mai nauyi da gulbi ke ɗauko wa fadama kowace shekara takan kwanta a ƙasan tafki. Idan zafi ya yi tsanani kuma, ruwan tafki mai zurfi kan rabu biyu, na sama mai ɗumi mai iska, na ƙasa mai sanyi wanda ruɓewar ganye da laka ke cinye iskarsa. In ta ƙasa aka saki ruwa a irin wannan lokaci, zai iya fitowa da ƙarancin iska, wani sa'in har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gudu a kan dutse da yashi na mayar masa da iska bayan ɗan nisa, amma nisan nan abin aunawa ne.

Sai lokacin zuwan ruwan. Kifayen fadama da cikowa suke haihuwa. Tarwaɗa kan bi sabon ruwa ta shiga ciyawar da ya rufe ta zuba ƙwai. Bargi kan share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya, yauni kuma tasa sheƙar a kan ruwa take yawo. 'Ya'yan kifin a fadama suke girma, inda abinci ya yi yawa, manyan kifaye masu cin su kuma ba sa iya kutsawa. Idan cikowa ta makara, ko ta zo ta janye cikin 'yan kwanaki, haihuwar shekarar ta tafi, ko da ruwan ya fi na randa tsabta. Shi ya sa gwada kyan ruwa kaɗai ba tare da rubuta tsawonsa a kan sanda kowace rana ba rabin aiki ne.

Magudana ita ce zuciyar lamarin. Manomin shinkafa yakan zuba kamfa, sannan ya bi da yuriya sau ɗaya ko biyu. Yuriya kashi 46 cikin 100 na nauyinta sinadarin naitirojin ne, kuma a fangali mai cike da ruwa ba dukkansa shuka ke samu ba. In aka zuba taki yau, gobe ruwan kanal ya tumbatsa aka fasa kunya, kuɗin manomi ya bi magudana. Takin da ya sa shinkafa ta yi baƙi-ƙirin don ƙoshi, shi ne zai sa gansakuka ta rufe gurbin ruwa. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, har ruwa ya ƙoshi da ita. Da dare sai ta juya tana shaƙa, ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da matattun ganye, duk a kan iska ɗaya. Kafin asuba ta ƙare. Wannan ne lokacin da ake ganin kifi ya taso yana buɗe baki a saman ruwa.

Zafi na ƙara tsananta abin. Ruwa mai digiri 20, irin na safiyar hunturu, yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita. A digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba, ga shi kuma kifi ya fi buƙatar iska in jikinsa ya ɗumama. Yawancin kifaye suna son 5 ko sama da haka, in aka sauka ƙasa da 2 kuwa mutuwa ta zo kusa. To Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zamfara ke haura digiri 40, shi ne lokacin da gulbi ya fi ƙanƙancewa, kuma shi ne lokacin da ake zubar da ruwan fangali don shinkafar rani ta bushe a yanke. Abubuwa uku sun haɗu a lokaci ɗaya. Akwai kuma amoniya, wadda ke fita daga yuriya da kashin dabbobi. Gubarta ga kifi na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ya kuma karkata wajen kanwa, kuma gansakuka mai yawa da tsakar rana can take tura shi.

Maganin feshi nasa halin daban ne. Magungunan ƙwari irin su saifametirin, da manoma ke fesa wa shinkafa da tumatir da albasa, ɗan kaɗan ɗinsu ya isa ya kashe kifi da ƙwarin ruwa. Ba sa daɗewa a narke, sukan wuce cikin sa'o'i ko su manne a laka. Yaro ɗaya ya wanke injin feshi a bakin magudana da la'asar, zuwa safiya ɓarna ta auku, ruwan kuma ya yi gaba. Wanda ya zo da kwalba bayan mako guda zai ɗebi ruwa garau, ya rubuta cewa lafiya lau.

Gishiri kuma a hankali yake taruwa. Rana na ɗauke ruwa ta bar gishirinsa, don haka ruwan magudana ya fi na kanal gishiri. Ana gane shi da 'yar na'ura mai kamar alƙalami wadda ke auna yadda lantarki ke ratsa ruwa. A ma'aunin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da ya nuna ƙasa da desisimin 0.7 a mita a wannan na'ura ba ya cutar da shuka, wanda ya haura 3 kuwa matsala ce babba. Wannan ya shafi manomin ƙarshen layi, wanda ruwan kanal ba ya isa gare shi, sai ya kafa injinsa a magudana ya shayar da gonarsa da ragowar wasu.

Inda za a tsaya a auna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebi ruwa wuri ɗaya, a kwatanta shi da wani teburi da aka tsara don kogunan Turai masu sanyi, a yanke hukunci. Gulbin Sakkwato tun asali ruwa ne mai ɗumi, mai jar laka da damina, mai tsinkewa da rani. Abin da za a kwatanta shi da shi, shi ne kansa: sama da bakin magudana da ƙasa da ita, rana ɗaya, sa'a ɗaya, hannu ɗaya.

Tashar farko tana can sama da tafkin, don ruwan da ya ratso Gusau ya riga ya kwashi na lambatun birni, kuma zalunci ne a ɗora wa manomin Bakura laifin da aka yi tun can. Ta biyu dab da ƙofar dam. Ta uku a cikin babban kanal, a san da me ruwa ya shiga gona. Sannan kowace babbar magudana tana buƙatar uku nata: a cikinta kafin ta zuba, a gulbi sama da bakinta, da ƙasa da bakin inda ruwan biyu suka gama gauraya. Wannan gaurayar ba nan take take faruwa ba, sau da yawa za ka ga ruwan magudana ya bi gefe ɗaya da launinsa daban har tafiya mai ɗan nisa. A ƙara tasha ɗaya kilomita da dama a gangare, a ga ko gulbin ya farfaɗo.

Ba ƙarfin gurɓata kaɗai ake nema ba, har da yawan ruwan da ya ɗauko ta. Misali, idan magudana ta kawo kashi ɗaya gulbi na da tara, gulbin zai shanye ta. Idan aka rage sakin ruwa daga dam har magudana da gulbi suka zo ɗaya, ruwan magudanar bai sauya ba amma kifin da ke ƙasa ya shiga wani hali. Auna yawan ruwan magudana ba sai da injiniya ba. A auna mita 10 a miƙaƙƙen wuri, a jefa lemo ko kwalba mai rabin ruwa, a ƙirga daƙiƙun da ta yi, a raba mita 10 ɗin da daƙiƙun a sami gudun ruwa, a auna faɗi da zurfi, a ninka su da gudun, a rage kamar kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. Ɗan sakandare zai iya.

Lokacin awo kuwa, na fi nacewa a kansa fiye da komai. Ma'aikaci ya taso daga ofis da ƙarfe tara, ya iso bakin gulbi da sha ɗaya, ya tsoma na'ura, ya ga oksijin ta cika. Bai yi ƙarya ba, amma lokacin da gansakuka ke zuba iska ya auna. Awon da ke da amfani shi ne na bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, a sake wani da la'asar. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ke nuna yadda taki ya yi yawa a ruwan. Haka nan kalandar awo ta bi kalandar gona, ba ta ƙarshen wata ba: makon zuba yuriya, makon feshi, makon zubar da ruwan fangali, da kwana biyun da suka biyo ruwan sama na farko, wanda ke wanko duk abin da rani ya tara a busassun magudanai ya zuba shi gulbi a tashi ɗaya.

Shaidun da ke kwana a ruwa

Tunda maganin feshi wucewa yake, sai a tambayi waɗanda suka kwana a wurin. Ƙananan halittun da ke maƙale a ƙarƙashin dutse, da jikin saiwa, da kututturen da ya nutse, da cikin burugu, makonni ko watanni suke yi a wuri ɗaya, ba sa iya gudu kamar kifi. Abin da ya bi ta kansu yana nunawa a yawansu. Akwai wata 'yar tsutsa mai jela uku siririya da fuka-fukan numfashi a gefen ciki, akwai mai gina wa kanta gida da tsakuwa ko guntun tsinke ta ja shi tana yawo. Waɗannan ba sa jure ƙarancin iska ko guba. 'Ya'yan mazari da jatan lande da kaguwa da makankari suna tsaka-tsaki. Jar tsutsar cikin laka da matsattsaku da 'ya'yan sauro kuwa, ruwan da ya kori kowa su nan suke yawaita.

Kayan aikin 'yar koma ce mai ƙananan ido, da farin tire, da gilashin ƙara girma. Mutum ya tsaya a ruwa, ya tare komar a ƙasansa, ya motsa ciyawa da laka da ƙafa na tsawon minti biyar, ya juye a tire ya ƙirga iri nawa ya samu. A yi daidai haka a sama da bakin magudana da ƙasa da shi, a wuri mai kama da juna, ciyawa da ciyawa, yashi da yashi. In a sama an sami iri-iri, a ƙasa kuma sai jar tsutsa zalla, magana ta fito ko da kwalba ta ce lafiya. A Afirka ta Kudu sun mayar da wannan hanya tsari tsayayye mai suna SASS, har suka sauƙaƙa wani nau'insa don 'yan makaranta. Makin da suka ba kowace halitta na kogunansu ne, namu sai malaman jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau da Aliero da Birnin Kebbi sun daidaita shi da gulaben da ke ƙafewa da rani. Aiki ne da ya dace da su, kuma ɗalibansu sun daɗe suna ɗibar ruwan yankin nan don rubutun kammala karatu. Matsalar irin wannan bincike ita ce yakan ƙare ranar da ɗalibi ya karɓi takardarsa, gulbi kuma yana buƙatar wanda zai dawo baɗi da baɗin baɗaɗa ya tsaya a wuri ɗaya.

A tiren nan za a ga ƙananan katantanwa, kuma su ma a ƙirga su. Ruwan da ke kwance shekara zagaye a kanal da magudana, ga kacala ta rage masa gudu, gida ne ga katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Inda suka yi yawa, a tambayi asibitin ƙauye da malaman firamare ko yara maza masu wanka a kanal suna fitsarin jini.

Komar masunci ma na'ura ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma Sarkawa sun san kifinsu fiye da kowane baƙo. Tarwaɗa da ramboshi suna da wata gaɓa a kai da ke ba su damar shaƙar iskar sama, gaiwa kuma huhu gare ta, har takan shige laka ta yi rani a ciki. Waɗannan za su rayu a ruwan da ya shaƙe. Giwan ruwa da zawai da faliya suna son ruwa mai iska. Idan kamun wani gurbi ya koma tarwaɗa da ƙananan gargaza kawai, alama ce. Amma alama ce mai fuska biyu, dole a faɗi gaskiya: kamu da gidan sauro, da zuba guba a gurbi don a kwashe kifi a wuni ɗaya, su ma suna kawo haka. Abin da zai raba gardama shi ne a rubuta kamun sama da na ƙasa dabam-dabam, iri da girma da irin tarun da aka yi amfani da shi. Masunta ɗaya ne, kayan kamu ɗaya ne, in bambanci ya fito a bakin magudana, to daga ruwan yake.

Abin da sai ɗakin gwaji

Wasu abubuwan ba a ganinsu da tire. Naitiret, sinadarin da ke iya fitowa daga taki ya shiga ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Ga ƙauyukan da ke haƙa yashin gulbi su ɗebi ruwan sha da rani, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ragowar maganin feshi kuma a laka da naman kifi aka fi samunsa, ba a ruwa ba, sai a ɗebi samfur a kwalbar gilashi, a sa ƙanƙara, a kai shi da wuri.

Sai dalma. Zamfara ta ga abin da ba za ta manta ba a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙa dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ruwan waɗannan garuruwa sai can cikin Kebbi yake haɗuwa da Gulbin Sakkwato, don haka ba ruwan Bakolori ba ne. Amma ana haƙar zinari da wanke shi a sassa da dama na jihar, iyakar dalma a ruwan sha kuma miligiram 0.01 ce kacal a lita, ga shi tafki matattarar laka ce. Gwada lakar tafkin da ta bakin magudanai sau ɗaya a shekara bai yi yawa ba.

Wa zai riƙe littafin

A takarda akwai masu alhaki. Hukumar kogunan ce ke da dam da ƙofofinsa. Hukumar NESREA mai tsare dokokin muhalli ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa tun 2011. Akwai ma'aikatun muhalli da noma na jiha, akwai cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi a Sabuwar Bussa. Amma kowa ya san halin tsaro a Maradun da Bakura da kewayen Mafara. Baƙo ba zai kwana a ƙauye don ya auna ruwa da asuba ba, kuma ba na ganin laifinsa. Wanda ke bakin gulbin da asuba ko da awo ko babu, masunci ne mai duba tarunsa da manomi mai buɗe ruwa. A hannunsu ya kamata na'urar oksijin da ta gishiri da littafin su zauna, ƙungiyar masu amfani da ruwa ta zaɓi matasa biyu a kowace magudana, Sarkin Ruwa ya ba da nasa mutum, a biya su ɗan alawus, su riƙa tura hoton shafin ta WhatsApp ga malamin jami'ar da zai tara ya duba. Manomi da masunci su rubuta tare, don in ɗaya ne kaɗai ya rubuta, ɗayan zai ce sharri ne.

Al'adar kula da ruwa ba baƙuwa ba ce a gulbin nan. A Argungu ana hana kamun kifi a ruwan Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ke tsare wannan doka, kuma da ita bikin da aka fara a 1934 ya kai ga shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Sai dai kada a yi saurin jingina duk abin da ya sami kifin Argungu ga Bakolori. Tsakaninsu akwai Rima da madatsar Goronyo, akwai birnin Sakkwato, akwai dubban injunan ban ruwa a fadamar Kebbi. Wanda ke son ya san rabon kowa, sai ya sami awo a kowace mahaɗa.

Kuma a amince tun farko da abin da za a yi in lamba ta faɗi, kada littafi ya cika banza. In oksijin ta asuba a ƙasa da magudana ta sauka ƙasa da 3 kwana biyu a jere, a sanar da masu ƙofar dam su ƙara sakin ruwa na 'yan kwanaki. Ƙungiya ta jera ranakun zubar da ruwan fangali sashe-sashe maimakon kowa ya fasa kunyarsa a mako ɗaya. Manomi ya toshe fangalinsa kwanaki bayan ya zuba yuriya, wanda riba ce gare shi kafin ta zama riba ga kifi. A haƙa rami nesa da ruwa don wanke injin feshi da binne kwalaben magani. A ƙarshen magudana, maimakon a share ciyawa ƙarƙaf har bakin gulbi, a bar wani fili da ruwa zai bi ta cikinta a hankali, laka ta kwanta, ciyawa ta tsotsi taki, a riƙa yanke ta ana ba dabbobi idan gwaji ya nuna ba guba.

Akwai aiki ɗaya da ya riga duk waɗannan gaggawa. Tsofaffin masuntan da suka yi su a gulbin kafin 1978 suna nan, amma kowace shekara suna raguwa. A je ƙofar gidan Sarkin Ruwa na kowane gari daga Maradun zuwa Bakura, a yi sallama, a ce ranka ya daɗe mun zo neman sani, a tara dattawan a kan tabarma da littafi da biro. A bi guraben ɗaya bayan ɗaya da sunayensu: wane kifi ake kamawa a nan, a wane wata, girmansa ya kai ina a hannu, ina cikowa ke tsayawa a shekara mai ruwa, wace itaciya ce alamarta, kuma yaushe aka yi wa yauni ganin ƙarshe a wannan gurbin.